Gidan da Bai Ƙirga Inna Ba

Abin da na fara lura da shi a gidan yayana a Riyad shi ne babu makunnin fitila ko ɗaya da hannu zai iya taɓawa. Suna nan a bango, amma duk ya rufe su da farar roba ya ɗaure. Tun ban ajiye jaka ba na tambaye shi dalili. Ya ce in aka kashe da hannu gidan yana rikicewa.

"Gidan ne yake rikicewa?"

"Ba za ki gane ba, Auta."

Ni da Inna muka zo daga Katsina da bizar ziyara, saboda idonta. Ciwon suga ya riga ya cinye na hagu, na dama kuma ya fara gani dishi-dishi. Likitan ido ya ce sai allura a cikin ƙwayar idon, a yi a huta a sake, wata da watanni, kuma in aka yanke a tsakiya wanda ya rage ɗin ma zai tafi. Ni na gama sakandare ina zaune ba abin yi, shi ya sa aka haɗa ni da ita.

Yaya manhaja yake rubuta wa wani kamfani, daga ɗakinsa a unguwar Al-Suwaidi, hawa na sama. Ya wuni gaban allunan kwamfuta da abin ji a kunne, yana Turanci da mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. A tsaye yake cin abinci. In aiki ya ƙi masa sai ya fito falo ya yi ta zagaye yana cizon yatsa, ka yi masa magana ya dube ka kamar bango. In ya tashi daga aikin mutane sai ya koma aikin gidan. Fitila, hita, ruwan zafi, labulen ƙarfen tagogi, makullin ƙofa, duk ya haɗa su da waya. Akwai wata murya a falo mai amsa Larabci da Turanci, ba ta jin Hausa. Akwai wani faifan shara mai yawo da kansa, wanda ya taɓa haɗiye bakin dardumar Inna tana cikin tahiya. Ba ta sallame ba, ta ƙarasa sallarta abin yana kuka a gefenta.

Sannan ga wasan da ya mallake shi, zamiya a kan ƙanƙara. Ni santsi nake ce masa, don ya ji haushi. Mutumin da ya tashi a Katsina ya dawo cikin sahara, wai shi abin sha'awarsa dutsen ƙanƙara. Dogayen katakan da ake ɗaurawa a ƙafa suna jingine bayan ƙofa cikin jaka kamar gawa, takalman kuwa nauyinsu ya kai na turmi. A tsakiyar falo ya shimfiɗa wata na'ura mai dogayen ƙarafa biyu, ya hau ya riƙe sanduna ya yi ta zamewa hagu da dama, talabijin tana nuna masa farin dutse. Gumi yana zuba, yana huci.

Na ce, "Yaya, da muna yara ba ka ma yarda a yi santsi a bakin rijiya."

Ya ce, "Tafi ki ba ni wuri."

Inna kuwa ba ta taɓa cewa komai ba. Shi ɗan fari ne, kuma ita 'yar zamanin da ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta roƙonsa ko ruwan sha. "Yayanki" take cewa, ko "mai ɗakin can". Yana zaune kusa da ita za ta juyo ta ce min, "Tambayi yayanki ko gobe ne asibiti." Shi ma ya ba ni amsa, in juya in maimaita mata. Tun ina dariya har abin ya fara ba ni haushi.

Ranar da muka zo ya karɓi wayata ya saka ta cikin tsarin gidan. Ya ce gidan da waya yake gane mutum, in wayarka tana ciki ya san kana nan. Ya saya wa Inna babbar waya ita ma. Ta juya ta, ta shafa, ba ta ji maɓalli ko ɗaya ba, ta ce in yi masa godiya, ta sa ta ƙasan akwati a kashe. Ta ci gaba da 'yar ƙaramarta mai maɓallai da take ƙullewa a bakin zane. Babu wanda ya sake tuna maganar, har da shi da ya tsara abin.

Da sanyi ya shigo, Yaya yakan je ofis wasu ranaku, ni kuma in fita baƙala, wato kantin unguwa, ko ɗakin magani. Ina dawowa, tun ina matakala, ƙofa ta buɗe kanta, fitilu a kunne, tagogi a buɗe, hita tana hura ɗumi, muryar tana yi min maraba. In tarar da Inna a kujerarta yadda na bar ta, carbi a hannu, mayafi har kai. In na taɓa hannunta in ji shi kamar an ciro daga firij. Na ɗauka ciwon ne. Har faɗa na yi mata, na ce ta riƙa motsa jiki ta daina zama wuri ɗaya kamar tulu. Ta ce to.

A tsakiyar sanyin nan Yaya ya ce zai tafi ƙasar Jojiya yin santsinsa, wai duk shekara lokacin yake jira.

Na ce, "Uwarka ana soka mata allura a ido, kai kana haɗa jakar wasa?"

"Ba ranar allura a ciki, na duba. Mota za ta zo in kun kira, abinci za a kawo har ƙofa. Gidan yana kula da komai."

"Gidan ne ya sha nononta?"

Ya ce ba ni da kunya. Inna tana ji, ta ce min, "Ce wa yayanki Allah ya kiyaye hanya."

Bayan tafiyarsa maganin ɗiga mata a ido ya ƙare. Na fita da hantsi. Ɗakin maganin unguwarmu babu, na gaba ma babu, sai can wajen Al-Murabba na samu. Tunda na je can, na biya wajen wata 'yar Damagaram da ke sayar da daddawa da kuka a ɗakinta, don Inna ta gaji da kabsa, shinkafar Larabawa. Mun yi hira, na sha shayi. A mota wajen dawowa wayata ta mutu, taswira ta shanye cajin.

La'asar ta wuce na iso. Ƙofa ba ta buɗe ba. Na tsaya ina lalubo lambobin da Yaya ya taɓa faɗa min, na danna, ta buɗe.

Duhu. Da sauran rana a waje, amma labulen ƙarfe duk sun sauka, ko ɗigon haske babu. Sanyi ya buge ni a fuska kamar na buɗe firij. Can ciki faifan shara yana ta gurnani yana karo da wani abu, ya ja baya ya sake karo. Na yi sallama. Daga ƙasa aka amsa.

Da hasken matakala na gan ta. Tana kwance a gicciye kan ƙarafan na'urar santsin, hannunta na dama a ƙarƙashinta ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Ƙafarta faifan yake ta duka. Na ɗaga shi na jefa da bango. Na kai hannu makunni na ji roba. Na yi wa muryar ihu da Larabcin da na iya, ta ce ba ta san ni ba.

Inna ta ce, "Daina ihu. Alwala na tashi yi, azahar za ta wuce ni."

"Inna, me ya kashe wutar?"

"Ai kullum haka yake yi in kun fita."

Na tsaya. Na ce kullum? Ta ce kullum, da zarar mun yi nisa sai ta ji ƙarafan taga suna sauka, fitila ta mutu, ɗumin ya tsaya, ruwan famfo ya koma ƙanƙara. Ta ce ranar farko ta zaci idon ne ya tafi gaba ɗaya, ta yi salati ta zauna tana jiran mu zo ta faɗa mana. Sai can ta ga haske ya dawo tare da ni.

"Kuma ba ki faɗa ba?"

"Na ce ko tattalin wuta yake yi. Gidansa ne. Shi ya san abin da yake biya."

Na lalubi soket na sa waya a caji don in kira mota. Tana farfaɗowa, gidan ya gane ni. Fitilu suka kama, tagogi suka fara ɗagawa, hita ta hura, muryar ta ce ahlan wa sahlan. Inna tana ƙasa ta runtse ido, zanenta a jiƙe.

A asibiti suka ce ƙashin wuyan hannu ya karye, suka ɗora shi. Daga barandar asibitin na kira Yaya da bidiyo. Ya ɗaga da wani ƙaton tabarau a goshi, hancinsa ja, bayansa fari fat. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya hau latsa waya, ina ganin yatsansa.

Ya ce, "Amma nan ya nuna babu kowa a gidan."

"Ita ce babu kowan."

"Akwai na'urar jin motsi. Na kashe ta ne saboda faifan shara yana ta tayar da..." Bai ƙarasa ba. Ya cire tabarau ya rufe fuska da safar hannunsa. Na kashe wayar, don ba kukansa na kira in ji ba.

Jirgin farko ya biyo. Ya shigo bai ko cire rigar sanyi ba ya durƙusa gabanta, ta kau da kai ta ce min in ce masa sannu da hanya. Daga nan ya shige ɗaki, ya yi abin da ya iya. Ya sake rubuta tsarin, ya sayo sababbin na'urori ya manna a kowace kusurwa, ya naɗe na'urar santsin ya tura ƙarƙashin gado. Ni kuma na ɗauki wuƙar kicin na bi bango ina ɓalle robobin nan ɗaya bayan ɗaya. Bai hana ni ba.

Sai ya zo da wani ɗan abu kamar maɓallin riga a jikin igiya. Ya ce in Inna ta rataya a wuya, gidan zai san tana nan ko wayar kowa ba ta ciki. Ya miƙa min in ba ta. Ta karɓa da hannun hagu, ta shafa shi, ta shafa igiyar.

Ta ce, "Irin wanda ake rataya wa akuya."

"Inna, ba haka ba ne," in ji shi.

Sai ta juyo ta fuskance shi. Tunda nake ban taɓa gani ba. Ta ce, "Ka mayar da ni gida."

Ya ce saura allurai. Ya ce likita ya faɗa da bakinsa abin da zai faru. Ya ce zai cire komai, ya mayar da gidan kamar na kowa, ko ya kama wani. Ni ma na shiga, da ihu kamar yadda na saba. Na ce Inna idonki ne fa, ba idon gidan ba, in kika makance ni ce zan ja ki. Na ce ki yi fushi da shi amma ki tsaya a gama. Ta bar ni na gama, ta ajiye abin a kan kujera.

"Na riga na ga yadda duhun yake," ta ce. "A ɗakina na san inda buta take."

Ba ta sake yi masa magana kai tsaye ba. Ta daina cin abin kirki, ta ɗaure kayanta da hannu ɗaya ta ajiye bakin ƙofa, kullum da safe ta zauna kusa da su da mayafi. Likitan ya rubuta mana takarda zuwa wani asibiti a Kano, ya ce kada a yi wasa. A filin jirgin Sarki Khalid Yaya ya tura ta a keken marasa lafiya har inda aka tsayar da shi. Ta ce min, "Ce wa yayanki Allah ya yi albarka." Na ce yana ji ai. Ta ce in faɗa dai. Na faɗa.

Mun je Kano, an yi allurar, sannan aka ce maganin ya yanke, sannan hanyar ta fara gagarar ta. Kafin damina ta ƙare idon dama ya bi na hagu. Yanzu da bango take tafiya, daga ɗaki zuwa bayi zuwa inda take shimfiɗa darduma, ba ta taɓa tuntuɓe ba. In an ɗauke wuta ni ce nake tsaki, ita ba ta ma sani ba.

Yaya yana kira kullum. In sa mata wayar a kunne, ta ce min in tambaye shi ya aiki. Na tambaye shi ko ya sayar da katakan, ya ce suna nan bayan ƙofa, bai buɗe jakar ba. Manhajar gidan tana cikin wayata har yanzu, na manta ban goge ba. Wani lokaci in yana ofis sai saƙo ya shigo, wai an rufe tagogi an kashe hita, babu kowa a gida.