Ƙafar ramok a ɗakina

Jiya da la'asar ina kwance ina karatu, na zo daidai inda saurayi ya shigo wa budurwarsa da turare, sai ga maigidana yana mirgino taya cikin ɗakina, duk ƙasa.

Ƙafar ramok ɗinsa ce, wato 'yar tirelar da yake ɗaura wa mota yana kai wake kasuwar Urafane. Da ita muke ci. Satin da ya wuce ɓarayi suka janye ramok ɗin maƙwabcinmu daga ƙofar gida, har da sarƙa da kwaɗo.

Na ce, "Haba Baban Hafsa, mazan littafi turare suke kawowa, kai taya?"

Ya yi dariya ya ce, "Rabi, mazan littafinki ba su da ramok. Wa zai ja ta da ƙafa ɗaya? Kuma Babanki ne ya koya mini, lokacin da nake zuwa zance."

Sai na tuna gidanmu a Atantane. Kullum kafin magariba Baba yakan kwance ƙafar amalankensa ya kwantar da ita a ɗakin Inna. A kanta nake zama ina haɗa baƙaƙe, shi kuma yana gyara mini. Shekara uku ke nan da rasuwarsa.

Na share tayar, na ɗauko littafina na zauna a kai. Ban iya karanta ko layi ɗaya ba.

Ku wace dabarar iyayenku ce ta biyo ku har gidan aure?