Matar da ke gefen hoton

Na manta fuskokin mutane da yawa da suka ratsa ta kwamfutata, amma ranar da wata tsohuwa daga unguwar Maamobi ta tsaya a bayana tana kallon allo ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina aiki a wani ɗan shagon buga takardu a unguwar Kokomlemle. Aikina shi ne in ɗauko hoto da rubutu in jera su a shafi: katin biki, kalanda, fostar addu'a. Ina da sauri, kuma ba ni da haƙuri. Mutum ya tsaya yana ba ni tarihi, sai in ce masa, "Hoton dai, hoton."

Wani magidanci ya zo yana son fostar addu'ar shekara ta mahaifinsa. Hoto ɗaya ya kawo, tsohon kati da ya fara jirkicewa. Marigayin na zaune a benci a tsakar gida, can gefe kuma hayaƙi ne da wata mace a duƙe kan kasko, ko fuskarta ba ta fito sosai ba.

"Sista, cire duk wannan tarkacen," in ji shi. "Baba kaɗai."

Haka kowa ke cewa. Na sa hoton a injin sikana, na shigo da shi cikin shafin, na matse firam ɗin da ya zagaye hoton har ya rage daga hula zuwa ƙirji. Na zuba suna da addu'a a ƙasa. Aiki ya yi tsaf.

Washegari ya dawo duba aikin kafin a kai inji, tare da mahaifiyarsa, wai za su wuce asibiti. Ta daɗe tana kallon allon, ni kuwa har na fara kaɗa ƙafa, don akwai masu jira.

"'Yata," ta ce, "ina mai suyar?"

"Wace mai suya, Mma?"

"Ta gefe. Ni ce."

Ɗan ya yi dariya. "Ei, Mma! Da zanin aiki da hayaƙi? Malamai za su zo fa, duk Maamobi da Nima za su gani."

Ba ta ko kalle shi ba. Ni ta yi wa magana. Ta ce mijinta ba ya son hoto. Ranar ma wani mai hoto ne ya shigo shan koko aka lallaɓi mijin ya zauna. Tun aurensu har ya rasu, ba su da wani hoton da suke ciki tare sai wannan.

"In an riga an yanke, shi ke nan," ta ce a hankali, tana gyara mayafi.

A nan ne na gane. Ta zaci almakashi na sa. Ba ta san cewa in an shigo da hoto cikin shafi, matse firam ɓoyewa kawai yake yi ba. Sauran na nan a ƙasa. Na kama gefen firam ɗin na ja. Benci ya fito, hayaƙi ya fito, sai ga ta a duƙe kan kaskon ƙosai.

Ta kai yatsa kan gilashin. "Ga ni."

Ɗan ya fara, "Amma sista, zai yi kyau kuwa?"

Bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Yaya, kai ne ka zauna da shi ko ita?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce a buga. Haka fostar ta fita, marigayin ya ɗan ƙanƙance, matarsa na gefensa cikin hayaƙi.

Har yau ina da gaggawa, ban canza ba. Amma na koyi cewa wanda ya kawo hoto ba lallai shi ne ya san abin da ke cikinsa ba. Kafin in matse firam yanzu, sai na nuna gefe na tambaya: wannan wane ne?