Kawu Bawa da Ayun Jidda

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Bawa kofin ruwa ya san ba a yi masa gaggawa. Sai ya ɗaga kofin ya duba, ya shinshina, ya kurɓi kaɗan ya juya a baki, sannan ya yanke hukunci. "Wannan na tahliya ne," wato ruwan tekun da inji ya tace, "ba uwa ba uba." Ko ya ce, "Wannan ya daɗe a roba, har ya fara fushi." Zamzam kaɗai yake sha bai ce uffan ba, shi ma na sha ganin leɓensa yana motsi, ladabi ne kawai ya hana shi.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka tun ina goye Innata yake ce mini. Ku mutanen unguwarmu ta Utaibiyya a nan Makka kuwa da Sarkin Ruwa kuka san shi. Ya fi shekara talatin yana tuƙa wayit, motar nan mai tanki da ke kai ruwa gidaje, amma in ka ce daga nan sunan ya fito, to kun ɓata ke nan. Shi jinin masuntan Yawuri ne, in ji shi, kakansa in ya tafa ruwa kada kaucewa yake yi. Sarkin Ruwa a Makka fa, jama'a! Garin da in hadari ya haɗu sai kowa ya fito da waya yana ɗauka.

Mazan da suka je walimar gidan Alhaji Sule a unguwar Zahir har yau suna ba da labari. An kawo shayi, surukai sun cika falo, Kawu ya kurɓa ya ajiye.

"Alhaji, kana da baƙo a tankin sama."

"Wane irin baƙo kuma?"

"Mai fiffike."

Alhaji Sule ya sha kunu, ya ce wannan cin fuska ne a gaban baƙi. Da gari ya waye ya sa aka hau aka buɗe tankin, sai ga gawar tattabara tana yawo. Ya tako har gida ya ba da haƙuri. Kawu ya ce, "Ba komai, Alhaji. Ai na so in faɗa maka mace ce ko namiji, sai na ga kada a ce na cika baki."

Sai kuma shekarar da aka yi ruwan nan da ya malale layinmu. Yara suna ta facal-facal a ciki, mata suna kwashe tabarmi, aka nemi Sarkin Ruwa aka rasa. Ashe yana can ƙolin tankin motarsa, ya naɗe ƙafa, ya rungume murfi. Matarsa Inna Ladi ta leƙo ta taga.

"Malam, sauko mana! Ruwan ko gwiwa bai kai ba."

"Ke Ladi, kin taɓa ganin sarki ya sauko ya cakuɗu da talakawansa? Daga sama ake duba su."

Bai sauko ba sai da ƙasa ta tsotse. Muka yi dariya muka wuce, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Bayan ya ajiye tuƙi, ciwon suga ya fara cin idonsa. Likita ya ja ni gefe ya ce abin sai dai a rage masa gudu, amma ba ya dawowa. Kawu ya sani sarai. In ka tambaye shi sai ya ce fitilun zamani ne ba su da ƙarfi.

Wata Juma'a muna gidansa, mijina Usama yana nuna mana bidiyon da abokin aikinsa ya ɗauko a gidan kifayen Jidda. Usama, kun san shi, haifaffen nan ne, Hausar tasa sai a hankali. Kawu ya karɓi wayar ya kai ta har kan hanci, sai ya zabura.

"La ilaha illallahu! Ayu!"

Usama ya ce, "La ya ammi," wato a'a Kawu, "wannan dulfin ne."

"Dul me?"

"Dulfin."

"Kai da ko kududdufi ba ka taɓa gani ba, kai za ka faɗa mini sunan naman ruwa? Ayu ne! Babana Gado ya nuna mini hancinsa a bakin Kwara ina yaro."

Mako uku suna wannan musu. Usama ya kawo hotuna, ya kawo bayanin masana, Kawu ya ce masanan ma ba su je Yawuri ba. Daga ƙarshe na ce wa Usama ya bar jayayya mu kai shi ya gani, tun idon yana da sauran gani.

Ranar tafiya Kawu ya fito cikin babbar rigarsa ta sallah, hula ta sha kari, turare kamar ango, ga kuma ƙaton damin barsim a hammata, ciyawar nan da ake saya wa tumaki. Inna Ladi ta riƙe baki.

"Malam, layya za mu?"

"Ba a zuwa gidan babba hannu rabbana. Ayu ciyawa yake ci."

A ƙofar shiga mai gadi ya tare mu, ya ce ba a shiga da abinci. Kawu ya miƙa masa damin ya ce, "Abinci ne? To bismilla." Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, amma dai ya karɓe. Abin da bai sani ba, Kawu ya riga ya cusa dunƙule guda a aljihun riga.

Da farko aka bi da mu ta wani dogon lungu na gilashi, kifi ta dama, kifi ta hagu, kifi a bisa kai. Kawu ya manna fuska yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Masu launi-launin nan ya ce kwalliya ce kawai, ko miya ba za su yi ba. Da wani ƙato mai haƙora kamar zarto ya gifta ta samanmu, sai na ji an damƙe mini hannun abaya. Na juyo. Ya ce, "Kada ki ji tsoro, Innata, ina nan." Haka ya riƙe ni, don kada in ji tsoro, har muka fita.

Aka zo wurin wasan dabbobin da muka zo dominsu. Wani Bamasare mai hura usur ya tsaya bakin wani makeken tafki, dabbobin suna tsalle ta cikin zobe, suna ɗaga ƙwallo da baki, jama'a suna ta tafi. Kawu ya ɓata rai.

"Dubi yadda suka mai da babba ɗan wasa. Da usur ake kiran ayu? Rashin tarbiyya!"

Can kuma ya sunkuyo ya ce a hankali, "Innata, ya yi tsallen?" Na ce ya yi. Bayan ɗan lokaci ya sake tambaya. A nan na gane daga inda muke zaune ba abin da yake gani sai ƙyallin ruwa. Mun ɗauko shi tun daga Makka, ga abin a gabansa, amma bai gan shi ba. Na tashi na je na nemi a sa mu cikin waɗanda ake kaiwa bakin ruwa su taɓa dabbar bayan an tashi.

Sai rigima ta biyu. Dole kowa ya sa rigar nan mai hana nutsewa. Kawu ya ce shi? Jikan masu ruwa? Bamasaren ya ce doka ce, ya hajji, ko shi ma yana sawa. Da ƙyar aka daidaita a kan zai sa, amma a ƙarƙashin babbar riga, kada a gani. Ya fito a kumbure kamar talotalo. Inna Ladi ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

Matakala uku ce ake sauka zuwa wani ɗan dandamali da ruwa ya rufe iya idon sawu. Ni ma an ɗaura mini tawa rigar, na riƙe shi. Ya taka ta farko ya tsaya cak. Usama ya saita waya, mutane suna jira a bayanmu. Kawu ya ƙara damƙe hannuna.

"Innata, kada ki sake ni."

"Ba zan sake ka ba, Kawu."

"Ni fa ban iya ruwa ba." Muryarsa ta yi ƙasa sosai, ni kaɗai nake ji. "Ina ɗan shekara bakwai muka baro Yawuri, uwarki tana goye. Baba ya ce in mun sauke farali mun koma gida zai koya mini. A Sudan muka binne shi. Kiran ayun da yake yi kawai na riƙe."

Tsawon rayuwata ina yi wa mutumin nan dariya, ban taɓa tambayarsa ba. Na ce, "To Kawu, ai kiran muka zo yi. Taho."

Ya sauka, taki ɗaya, ya huta, taki ɗaya. Ya durƙusa a cikin ruwan, rigar sallah ta jiƙe. Ya tafa ruwa da tafin hannu sau uku, ya ɗaga wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba: "Na ƙasan ruwa, mai gida babu ƙofa, ɗan Gado ne ke sallama!" Ya ci gaba da wasu kalmomin da ni ban san su ba.

Yau dai zan faɗi gaskiya. Na ga Bamasaren ya kaɗa yatsu biyu a bayan Kawu. Ruwa ya tsage, dabbar ta taso, ta ɗora dogon bakinta a tafin hannunsa ta tsaya. Kawu ya lalube ta. Ya shafa kanta, ya bi goshinta da yatsu, ya shafa gefen idonta, a hankali, yana ta maimaitawa. Hawaye suna bin gemunsa. Bamasaren ya dube ni ya ɗora yatsa a leɓe. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu.

Da Kawu ya dawo hayyacinsa sai ya tuna da tsaraba. Ya zaro barsim daga aljihu ya miƙa da hannu biyu. Dabbar ta dube shi da ido ɗaya, ta juya, ta maka wutsiya a ruwa. Fau! Tun daga hula har ƙafa, hular ma ta tafi yawo tsakiyar tafki. Bamasaren ya yi wuf ya tsame ciyawar, ya jefa mata kifi, ta cafe. Kawu ya share fuska ya girgiza kai.

"Ayu da cin kifi! Zaman Jidda ya ɓata shi."

A mota muna dawowa, yana naɗe cikin tawul, Usama ya kasa haƙuri.

"To ya ammi, ayu ne ko dulfin?"

"Ayu ne mana. Sai dai haifaffen nan ne, shi ya sa Hausarsa ba ta nuna ba. Kamar dai wani da na sani."

Sai da Usama ya gangara gefen titi ya tsaya, don dariya ta hana shi ganin hanya.

Sauran kun sani, ku da kuke zama da shi a ƙofar masallaci. A makon farko ayu ɗaya ne ya amsa kira. Kafin wata ya ƙare sun zama huɗu, sun jeru suna kwasar gaisuwa, Bamasaren kuma ya jefar da usur yana roƙon a koya masa. Inna Ladi takan ce, "Malam, ai ina wurin." Shi kuma ya ce, "Kina wurin, Ladi, amma ba ki da idon ruwa."

Kafin hajjin da ya biyo baya idon ya rufe gaba ɗaya. Bai taɓa kuka da hakan ba. Wani lokaci in na je gaishe shi sai in tarar ya buɗe tafin hannunsa a kan gwiwa yana murmushi. "Innata, kin san yadda fatarsa take? Kamar tafin ƙafar jariri."

Bara ya rasu, bayan 'yar jinya ta kwana kaɗan, aka yi masa salla a Harami. Ya Allah, ga Bawa ɗan Gado nan ya zo maka. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka masa kabarinsa, ka mayar masa da ganinsa. Ka haɗa shi da babansa a bakin koramun Aljanna, ya cika masa alkawarin da ya yi masa yana ɗan shekara bakwai. Amin.