Ranar da Na Fita Ba a Kira Ni Ba

Ni mutum ne mai son a yi abu bi da bi. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma tun da wuri na lura cewa wanda ya sa takalmi kafin wando shi ake yi wa dariya. Saboda haka zan ba da labarin nan daga farkonsa, ko da yake ni ne abin dariyar a ciki.

Kafin yaƙin basasa a Inugu nake, wurin kawuna, dillali a kara, wato kasuwar shanu. Ya koya mini ciniki hawa uku, ya ce in riƙe su kamar karatun sallah. Na ɗaya, mai kaya ba ya faɗin kuɗi, sai a taya. Na biyu, ba a sallama tayin farko ko da ya kai abin da kake so, "albarka" ake cewa. Na uku, in mai saye ya cije, ka kaɗa sanka ka yi tafiyarka, ba ka yin taku goma za a kira ka. Shekara shida ina ganin hawan nan uku suna aiki, ban taɓa ganin sun ba da kunya ba.

Rikici ya kore mu zuwa Arewa, kawu ya rasu a can. Da yaƙi ya ƙare na dawo, na tarar a kara an manta da shi, balle ni. Lokacin kuwa kowa Fatakwal yake ambato, wai kuɗin mai ya fito. Na tafi, na sami aiki a wani kamfani mai shimfiɗa titi wajen Rumuokoro. Mu leburori 'yan Arewa kusan arba'in ne, ana lissafa mana lada rana-rana. Da yake ina iya rubuta suna, ina jin buroka, wato Turancin kasuwa, kuma ba na dariya a wurin aiki, sai aka naɗa ni heluma, shugaban leburori. Kowace safiya nakan jera su, masu diga gaba, masu shebur tsakiya, masu kwano baya. Ba su ƙaunace ni ƙwarai ba, amma shebur bai taɓa ɓata ba.

Ana nan sai gwamnati ta ƙara wa ma'aikatanta albashi. Mu ba ma'aikatanta ba ne, amma mai sayar da garin rogo ba ta tambayar inda mutum yake aiki. Gari ya tashi, kifi ya tashi, hayar ɗaki ta tashi. Direbobi da makanikai na kamfanin suna da ƙungiya, suka yi ta kai ruwa rana da manaja har aka ƙara musu. Mu 'yan rana-rana ba ma cikinta. Sakataren ƙungiyar, wani makaniki ɗan ƙasar da muke raba goro da shi, ya ce mini jami'in ƙwadago na gwamnati zai zo ran Litinin don a sa hannu kan nasu, zai nema mana kujera ɗaya a zaman.

Bayan sallar Juma'a muka taru a gindin mangwaro, muka tsayar da magana a kan ƙarin sule uku a rana. Naira ta riga ta shigo, amma bakinmu bai saki sule ba. Aka ce ni zan shiga. A cikinmu akwai wani tsoho Bagobiri, mai diga, kowa Baba yake ce masa. Ya dube ni ya ce, "Heluma, in an miƙo ka karɓa. Ciki ba ya jiran ciniki."

Na ce, "Baba, a bar wa mai iyawa. Ni a kara aka yaye ni."

Ya ce, "To, madalla. Mu ne shanun ke nan."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ran Litinin na sa farar rigata ta Juma'a. Ofishin na katako ne, fanka tana juyawa. Manaja Bature ne mai jan wuya, yana zaune tsakiya. Jami'in gwamnati yana damansa da fayil, sakatare yana kusa da ni. Da suka gama nasu, manaja ya juyo ya tambaye ni nawa muke so.

Hawa na ɗaya. Na ce masa da buroka shi ya fara faɗi. Ya sake tambaya, na sake ba shi amsar nan. Jami'i ya dubi agogo. Manaja ya ɗaga kafaɗa, ya duba wata takarda, ya ce yana son titin nan ya ƙare a kan lokaci, ba ya son rigima, zai ƙara sule biyar a rana, tun daga farkon watan da muke ciki.

Biyar! Mu da muka zo neman uku. Zuciyata ta yi tsalle, amma bakina ya riga ta. Na ji kaina na ce, "Albarka." Manaja ya tambayi ma'anarsa, na ce ban yarda ba. Sakatare ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na janye ƙafata, don ba na son a ɓata mini takalmi. A raina na ce wanda ya fara da biyar, bakwai na aljihunsa.

Manaja ya ce iyakarta ke nan, ko kwabo ba zai ɗora ba. Ya cije. Saura hawa na uku. Na miƙe, na gyara hula, na yi musu sallama cikin ladabi, na nufi ƙofa.

Taku shida ya kai ni bakin ƙofa. Na rage sauri. Na bakwai, na takwas, na fito baranda. A na goma na tsaya na sunkuya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Ba abin da nake ji a bayana sai ƙarar fanka da alƙalamin jami'i. Na yi gyaran murya. Na sauka matakala ɗaya-ɗaya kamar mai ciwon gwiwa. Ruwa ya tsuge, irin na Fatakwal da ba ya sallama. Na ci gaba da tafiya, kunnuwana duka biyu suna baya, har na iso bakin get. Ba wanda ya kira ni.

A nan, cikin ruwa, na tuna abin da shekara shida ban lura da shi ba. A kara ba mai saye ne yake kira ba, shi ma yana da girman kansa. Dillali ne yake sheƙowa a guje ya kama maka hannun riga. Akwai hawa na huɗu, kawu bai taɓa lissafa mini shi ba, domin shi ne hawan da kansa. Ni kuwa na shiga ciniki na bar dillali a gida.

Mutanena suna rakuɓe a rumfar siminti suna jira. Baba ya fito da buhu a kansa ya same ni.

"Nawa ya taya?"

"Biyar."

"Biyar me?"

"Sule."

"A wata?"

"A rana."

Ya matso kusa da ni, ruwa yana zuba daga buhun. "Kai kuma ka ce me?"

"Albarka."

"Albarkar gidanku! Juya ka koma."

Na ce, "Baba, ba ya yiwuwa. Mai kayan da ya fita ya koma da ƙafarsa, kayansa sun faɗi."

"Wa ya ce da ƙafarka za ka koma?"

Ya damƙi wuyan farar rigata da hannunsa mai jar laka, ya ja ni. Yana ja yana ɗaga murya yadda duk ofis za su ji: "Haba maigida, a dubi Allah! A dubi zaman tare! Ka yi haƙuri ka sallama masa, mutumin kirki ne!" Ashe tsohon ya san kara fiye da yadda na zata. Ni kuma, Allah ya yafe mini, sai na ɗan turje, don haka ake yi. Ya matso kunnena ya ce, "Ka sake turjewa in sake ka a kwata."

Muka shiga muna ɗigar da ruwa a kan katako. Manaja ya tambayi ko wane ne wannan. Sakatare, Allah ya saka masa, ya yi wuf ya ce al'adarmu ce, ba ma karɓar magana sai dattijo ya rako mu. Jami'i ya ce shi dai ya riga ya rubuta cewa wakilin leburori ya ƙi ya fita, kuma abin da ya shiga fayil ba a goge shi da baki. Ko in rubuta da hannuna cewa na janye, ko ya tafi da maganar ofishinsu ta bi layi, Allah kaɗai ya san watan da za a waiwaye ta.

Aka miƙo takarda. Na rubuta da Turancin aji huɗu, kuma ko a nan ban bar tsari ba. Na ɗaya, na ƙi. Na biyu, na fita. Na uku, na dawo. Na huɗu, na yarda. Jami'i ya karanta, ya rufe bakinsa da fayil, kafaɗunsa suna rawa.

Manaja ya ce biyar ɗin tana nan, amma tayin da ya haɗa da wannan wata na ƙi shi a gaban shaida, yanzu sai daga wata mai zuwa. Na buɗe baki, Baba ya matse mini wuyan riga. Na sa hannu. Tafiyar da na yi daga kujera zuwa get, wadda ba ta kai taku ɗari ba, ta ci wa mutum arba'in ƙarin wata guda.

Da muka fito na tara su, na faɗa musu duka, bi da bi, ban ɓoye hawa ko ɗaya ba. Wasu suka yi murnar biyar, wasu suka yi ta lissafin watan da ya tafi suna harara ta. Ba su nemi a sauke ni daga heluma ba, amma har na bar kamfanin, in an zauna cin abincin rana sai wani ya ce, "Kada ku miƙa wa heluma kwano, albarka zai ce ya tafi." Shatin yatsun Baba kuwa bai fita daga wuyan rigar ba, na wanke ta da sabulu iri uku.

Da shekara ta zagayo aka sake zama da manaja, Baba suka tura. Ni aka ce in raka shi in yi tafinta, bisa sharaɗi biyu da shi ya gindaya. Na ɗaya, abin da ya faɗa kawai zan juya. Na biyu, shi zai zauna tsakanina da ƙofa.