Kwalayen Magani a Daminar Zoza

Shekarar da aka tura ni wani ƙaramin ɗakin shan magani a ƙasar Rogo, wajen Zoza, Turawa ba su tafi ba tukuna. Matata tana Ƙaraye gidan iyayenta, ta je goyon ciki, don haka ni kaɗai na tare, da tabarmata da butata.

A da magani a akwatin katako yake zuwa. A shekarar ne aka fara kawo shi a kwali, bisa jakuna. Na yi ta jujjuya kwalayen ina mamaki: takarda ce, amma tsakiyarta kamar kunyoyin gyaɗa. Na jera guda bakwai a ƙuryar ɗaki, wani kan wani, a kan daɓe, jikin bango.

Damina ta kankama, rafi ya cika, hanyar gida ta yanke. Mutane suna gona, sai in wuni ban ga mutum uku ba. Matar mai unguwa takan aiko mini tuwo, in ci a bakin ƙofa, ba wanda zan ce wa miyar ta yi daɗi.

Akwai wata tsohuwa mai ciwon gwiwa da take zuwa duk Laraba. Wata rana ta shafa kwalin da ke ƙasa, ta ce ya sha sanyi, kuma na ɗora masa nauyi da yawa. Ta ce ko hatsi ba a ajiye shi a ƙasa, shi ya sa rumbu yake kan duwatsu. Na yi mata godiya, amma ban taɓa komai ba. Ina ganin na yi makaranta.

Aka kwana uku ana ruwa. Da safe na buɗe ɗakin na tarar kwalin ƙasa ya yi tumbi ya lotse, na sama sun zube. Kwalabe huɗu na maganin tari sun fashe. Na durƙusa ina tsince su, kwalin yana narkewa a hannuna. Asarar ba ta dame ni kamar rashin wanda zan gaya wa ba.

Ran Laraba tsohuwar ta leƙo ta gani. Ba ta yi mini gori ba.

"Malam, samo duwatsu huɗu da azara," in ji ta.

Muka yi ɗan gado nesa da bango. Ta zauna tana nuna mini da sandarta: biyu-biyu kawai, mai nauyi a ƙasa. Ta kai azahar tana ba ni labarin mijinta marigayi. Rabona da hira mai tsawo haka tun Ƙaraye. Ba a jima ba 'yarta ta ɗauke ta zuwa Kurugu, ko sallama ba mu yi ba.

Na rubuta wa babban malamin asibiti abin da ya faru, na amsa laifina. Amsa ta iso da kaka, layi biyu, cewa in riƙa kula. Na karanta ta ya fi sau goma, don ita ce wasiƙa ɗaya da na samu a wannan shekara.