Tagogi Shida da Na Ɗaure Fiye da Kima

Ba na jin zan taɓa manta ranar da aka gwada tagogin jirgin nan da ruwa. Lokacin wata uku ke nan da zuwana Riyad, ina aikin gwaji a wata warsha, wato garejin gyare-gyare, can bayan unguwar Aziziya. Wani Balarabe ya jawo ƙaramin jirgin ruwansa a kan tirela, irin wanda iska ke turawa, yana so a fasa masa tagogi shida masu buɗewa da murfi ɗaya a rufi kafin ya kai shi teku. Mudir, wato manajanmu, ya ce, "Ya muhandis, kai ne injiniya, aikinka ne. In ya yi kyau mu sabunta igamarka, takardar zamanka." Bai faɗi abin da zai faru in bai yi kyau ba, ni ma ban tambaya ba.

Ni kuwa ko kwalekwale ban taɓa shiga ba. Kowane rami sai da na auna sau biyar, wataƙila ma fiye, kafin na yanka. An haɗa ni da wani dattijo ɗan Yawuri da ya tashi cikin masu sassaƙa jirgi. Shi ya shafa gam ɗin hana ruwa shiga, ya ɗaure notocin sama-sama, ya ce a bar gam ya sha iska kwana biyu tukuna.

Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina ganin kamar tsufa ne ya sa bai ɗaure da ƙarfi ba. Da an tafi cin abinci sai in lallaɓa in ƙara wa kowane noti rabin juyi. Gam na ɓullowa ta gefe, ina gogewa, ina cewa a raina ai alamar ya kama ke nan.

Ranar gwaji dattijon ya riƙe tiyo daga waje, ni da mudir muna ciki cikin zafi. Taga ta farko shiru. A ta biyu na ga ɗigo ya taru a kusurwa, ya gangaro. Kafin a gama, huɗu na zuba.

Mudir ya leƙa waje ya daka tsawa: "Wa ya shafa gam ɗin nan?"

"Ni ne," in ji dattijon.

Da na yi shiru, da shi za a kora. Na yi shirun kuwa, na ɗan lokaci, kuma har yau ina jin kunyarsa. Sannan na faɗi abin da nake yi a ɓoye.

Dattijon ya ajiye tiyo. "Haba Injiniya! Ka tatse gam ɗin kamar nonon saniya, me ka bari ya tare ruwa?"

"Baba, tsoro nake ji kada ya zuba."

"To ga shi tsoronka na ɗiga."

Mudir bai yi dariya ba. Ya ba mu kwana huɗu mu cire duka mu sake, kuma dattijon ne zai riƙa ajiye sifana a aljihunsa. A gwaji na biyu ko ɗigo babu, aka sabunta igamar.

Tun daga nan, idan hannuna ya matsu ya ƙara ɗaure abin da aka riga aka gama, nakan tsaya in tambayi kaina: aikin ne ke buƙata, ko kuwa fargabata ce?