Faifayen aro a ƙafar motar Yaya

Yayana yana da wata tsohuwar mota ƙarama da yake zuwa gonar shinkafarsa da ita, can fadamar Diggi, garin su Innarmu. Daga Gwandu har Kalgo kwalta ce, ba matsala. In an sauka kwalta kuwa, hanyar ta a-kori-kura ce, su suka haƙa sawun da kowa ke bi, kuma sawunsu ya fi ƙafafun motar Yaya faɗi. Kullum sai taya ɗaya ta faɗa rami ɗaya ta hau tudu. Wani abokinsa mai sayar da takin zamani a Kalgo ya ba shi wasu faifayen alminiyam huɗu masu kauri, waɗanda ake sakawa a bayan taya don ta ƙara fitowa waje. Da aka ɗaura su motar ta buɗe ƙafafu kamar agwagwa. Mun yi ta tsokanarsa, shi ko a jikinsa, tunda dai tana kai shi gona.

Da Yaya ya rasu, an yi tambayar da aka saba yi wurin jana'iza, ko akwai mai bin mamaci wani abu. Babu wanda ya ɗaga murya, har da mutumin Kalgo da ke tsaye a sahun gaba. Motar ta zauna ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gida, ba wanda ya tayar da ita. Ba wai an hana ba ne, kowa dai ya ƙi ɗaukar makullin.

Sai da aka zo maganar rabon gado Inna ta ce ba za a sa motar a ciki ba tukuna, don akwai kayan mutane a jikinta. Ta ce da kunnenta ta ji Yaya yana cewa faifayen nan aro ne. Ni a ganina a bar kaza cikin gashinta, amma na kira mutumin a waya. Ya ce wallahi shi ya ma manta, ya yafe duniya da lahira. Na kai wa Inna wannan albishir ina tsammanin magana ta ƙare.

"Wa ka cewa bai yahe ba ga gidan mutuwa?" in ji ta. "Kunya ce tas sa shi. Ba ni barin ɗana kwance da kayan wani bisa kai nai. A hidda su a maishe mai."

Inna ba ta jayayya, faɗa take yi sau ɗaya ta koma kan tabarmarta. Na ɗauko bakanike.

Na gaba biyu ba su wahalar da mu ba. An ɗaga motar da jak, an cire taya, an ɗan ƙwanƙwasa, suka faɗo. Na baya ne suka ce ba su san zancen ba. Damina bayan damina suna jiƙa a ruwan fadama, tsatsa ta haɗe su da ƙarfen motar har ba a ganin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Bakaniken ya zuba kananzir, ya zuba man birki, ya ce a bar su su kwana. Washegari ya ɗora guntun katako ya yi ta dukansa da guduma ta kowane gefe, ko gezau. Ya ce da na wani ne da tuni ya sa cizal ya fasa su, ko ya kira mai walda ya gasa su. Na ce ai matsalar ke nan, na wani ne, kuma lafiyayyu ake so a mayar. 

Daga baya ya ce saura dabara ɗaya. Za a mayar da tayoyin, a sassauta notin kaɗan, sannan wani ya ja motar a hankali yana karya sitiyari dama da hagu yana taka birki, nauyinta da kansa zai ɓalle tsatsar. Shi zai bi ta a ƙasa yana saurare. Ke nan sai wani ya tuƙa, kuma babu wani sai ni.

Kujerar tana nan yadda Yaya ya bar ta, can baya, don ya fi ni tsawo. Ban matso da ita ba, na miƙe ƙafa haka nan. Batir ya mutu, sai da maƙwabta suka tura. Da ta kama, ta yi wannan tarin nata guda biyu kafin ta daidaita, ƙarar da duk gidanmu ya san ta, wadda in an ji ta ake cewa a ɗumama tuwo. Ban yi tunanin haka ba sai da na ji ta da kunnena, na kuma san ana jin ta har cikin gida. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban kashe ba.

Na yi gaba na yi baya a filin ƙofar gida, ina lanƙwasa kamar mai koyon tuƙi. Can aka ji wani ƙas daga baya, bakaniken ya ɗaga hannu. Da aka cire taya, faifan ya zo a hannu kamar bai taɓa gardama ba. Ɗayan ya ɗan ƙara ja mana rai, shi ma ya saki.

Na goge su da yashi da tsumma, na sa a buhu, na hau motar haya zuwa Kalgo. Mutumin yana shagonsa. Da ya leƙa buhun sai ya zauna. Ya ce motar da ya sayo su dominta ta daɗe da barin hannunsa, ba shi da abin da zai yi da su. Na ce Inna ce ta aiko. Sai ya karɓa da hannu biyu, ya tura su ƙarƙashin benci, ya yi wa Yaya addu'a mai tsawo.

Na dawo Gwandu da la'asar, na sami Inna tana tsince shinkafa, irin ta gonar. Ba ta ɗago ba.

"Ya amsa da hannu nai?"

Na ce ya amsa. Ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da tsintarta. Har na juya zan fita ta kira ni.

"Duk wanda motag ga taf faɗa ma, ya tura ta hab bakin hanya kahin ya tashe ta. Kak ku ƙara tashe ta nan."

Ranar da aka zo ɗaukarta, mu huɗu muka tura ta har muka wuce masallaci.